Alƙalin Rabin Fim

A Lamashegu, in ka tambayi wanda ya fi kowa sanin fim, Issahaku mai gyaran fanka za a nuna maka. In ba a samu mai nunawa ba, shi da kansa zai fito ya nuna kansa. Shagonsa na bakin titi, cike da fankokin da aka cire wa kai da duwatsun guga da suka daina zafi, a kan kanta kuma ga wata talabijin da wani ya kawo gyara tun shekarun baya bai dawo ɗauka ba. A gabanta yake cin abincin rana, a gabanta yake warware waya, a gabanta kuma ya yi karatun da yake taƙama da shi. Na Indiya, na Kano, na Kumasi, na Koriya da 'yan mata ke mutuwar so, har waɗanda ake shiryawa nan Tamale da Dagbanci, babu wanda ba ya da hukuncin da zai yanke a kai. Duk wanda ya sami hutu yana neman abin kallo, sai ya biyo ta shagon ya ji ta bakinsa.

Sai dai Issahaku ba ya kallon ƙarshen fim. Ba wai ɓoyewa yake ba, tinƙaho ma yake yi da abin. Da an kai tsakiya zai miƙa hannu ya kashe, ya ce ya riga ya gano inda aka dosa. A ganinsa ƙarshen fim an yi shi ne don masu jinkirin fahimta, waɗanda sai an tauna an ba su a baki. Sau da yawa kuma hasashensa na dacewa, tunda yawancin finafinan nan ko dai a ɗaura aure, ko mugu ya haukace ya bi titi yana tona wa kansa asiri. Ranar da bai dace ba, sai ya ce mai shirin ne ya yi kuskure. A ransa ya san wannan ba ilimi ba ne, gajen haƙuri ne aka ɗinka wa babbar riga, amma rigar ta yi masa kyau, bai ga dalilin tuɓewa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɗaukar maganarsa da daraja ba, yayarsa Barikisu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, a gidan haya na Sabonjida inda take zaune har yau tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Bakinta ba ya hutawa, rabin abin da ke fitowa daga cikinsa kuma na Issahaku ne. Tun yana yawo da gajeren wando har furfura ta kama masa gemu, bai taɓa shiga gidan nan ya fito ba a kira shi sakarai ko mai kunnen faranti ba. Ya saba, har in ya kwana biyu bai ji ba sai ya ga kamar bai karya ba.

To, mijinta Abdul-Ganiyu ya rasu bayan doguwar jinya a asibiti, zagin kuma ya tsaya cak. Abdul-Ganiyu ba suruki kawai ba ne a wurin Issahaku, abokin musu ne, wanda kan zauna a shagon yana ƙaryata duk hasashen da ya yi don dai ya ga ya tunzura. Lokacin jinyar babu irin zirga-zirgar da Issahaku bai yi ba, sayen magani, kai abinci, neman masu ba da jini, duk a kan baburinsa. Bayan an yi sadakar bakwai jama'a suka watse, Barikisu ta shiga takaba ta shiga ɗaki. Ba ta kuka, ba ta fira, abinci sai ta taɓa ta ture. Mata na shigowa suna yaba haƙurinta. Shi kuwa Issahaku tsoro yake ji, saboda yanzu in ya zo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Issahaku," in zai tafi ta ce, "Na gode, Allah ya yi albarka." Wannan ladabin ba na yayarsa ba ne, ya ga kamar wata baƙuwa ce aka ajiye masa a ɗakin, ita kuma ta ainihin tana can tana yin nisa.

Ya gwada tsokana. Wata rana ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce shi fa gaskiya, kokon matar nan ta bayan masallaci ya fi nata daɗi. Da a da ne, da ludayi za a raka shi har bakin titi. Barikisu ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ai kam ta iya." Ranar bai iya cin tuwon dare ba.

Ana cikin haka wani fim na Kumasi ya faɗo hannunsa. Labarin wani ƙaton direban tirela ne mai cika baki, da matarsa 'yar firit mai sayar da kifi, kullum suna cacar baki daga asuba zuwa magariba, amma ba mai iya cin abinci in ɗayan ba ya nan. Direban nan ba ya tsoron 'yan fashi, ba ya tsoron 'yan sandan hanya, allura kawai yake tsoro. Ciwon ciki ya dame shi, matar ta ja shi asibiti da kunne, ma'aikaciyar jinya na fito da allura ya dira ta taga riƙe da wando ya faɗa cikin kwandon tumatir ɗin wata mata. Issahaku ya yi dariya har ƙarfen dalma ya ƙone masa yatsa. Nan ya miƙa hannu ya kashe. Sauran ai a bayyane yake, za a danne ƙaton a yi masa allurar, ya warke, matar ta haifi tagwaye, a yi rawa. Ya tsotsi yatsansa yana tunanin cewa in wannan bai sa Barikisu dariya ba, to babu abin da zai sa ta. Har ya ƙara wa kansa maki da ya lura cewa faɗan direban da matarsa sak irin wanda takan yi da marigayi ne, ya ɗauki wannan a matsayin abin alheri.

Washegari da hantsi ya isa Sabonjida da fim ɗin a filash. Ya same ta zaune kan tabarma, carbi a hannu, zanen jikinta ya yi mata yawa.

"Yaya, na kawo miki magani," in ji shi, yana soka filash ɗin a bayan talabijin. "Wannan fim, ni Issahaku na sa masa hannu. Babu baƙin ciki a cikinsa kuraa, ko kaɗan. Daga farko har ƙarshe dariya ce."

"Ka gani har ƙarshe?"

"Yaya, ni za ki tambaya? In kin yi azahar ki danna nan, shi ke nan."

"To, na gode," ta ce.

Ya fito yana jin kansa kamar likitan da ya gama aiki.

Bayan azahar, kamar kullum, aka ɗora shayin ataya a gindin dogon yaron da ke gaban shagonsa. Cikin masu zuwa akwai Sedem, malamin makaranta ɗan ƙabilar Ewe, wanda ya daɗe a Tamale har ya iya Hausar kasuwa, irin wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Aka shiga firar abin da kowa ya kalla a makon. Wani ya yabi wani fim na faɗa, Issahaku ya ce duka ɗaya aka yi ta maimaitawa. Wani ya kawo na soyayya, ya ce jarumar ta girmi uwarta ta cikin fim ɗin. Da ya gama rushe na kowa sai ya gyara zama ya kawo nasa, ya ba da labarin taga da wando da tumatir, har yana miƙewa yana kwaikwayon gudun.

Kowa ya yi dariya ban da Sedem, wanda ya ajiye kofinsa yana kaɗa kai.

"Chale, wannan fim," ya ce. "Na yi kuka paa. Mata na ya yi kuka, ni ma na yi kuka, har yara ya zo yana tambaya wa ya mutu."

"Kuka kuma? Malam, ba shi kake nufi ba. Na direban tirela nake faɗa."

"Shi ne. Direba da mata mai kifi. Ciwon nan ba wasa ba ne, ai. Bayan tumatir, direba ya faɗi a hanya, aka kai shi asibiti, ya kwanta. Ya rame, ya rame, mata ya bar kasuwa, yana kwana ƙasan gado, yana ba shi koko da cokali. Ƙarshe ya mutu a hannun shi. Kai ba ka gani ba?"

Issahaku ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, bai gama kwaikwayon gudun ba. Wato shi, da hankalinsa da furfurarsa, ya ɗauki jinyar Abdul-Ganiyu sukutum, da gadon asibitin da cokalin kokon, ya kai wa mai takaba har ɗaki, ya soka mata a talabijin, ya kuma nuna mata inda za ta danna. Ya sa hannu ma. Ko maƙiyi da ya zauna ya shirya mugunta ba zai tsara ta da kyau haka ba.

Bai rufe shago ba. Ya haye babur ya kutsa tsakanin 'yan yalo-yalo, masu keken haya mai ƙafa uku, ana yi masa oda yana yi musu. Shi da ba ya gajiya da zagin masu wuta safe da yamma, ranar kam da bakinsa ya roƙi Allah ya kawo dumso, ya ɗauke wutar Sabonjida gaba ɗaya, in da hali har Sagnarigu. Amma duk shagon da ya wuce fanka na juyawa, firji na gurnani. Wutar da kan gudu in an fi bukatarta, ranar ta zauna daram.

Yana shiga zauren gidan ya jiyo kiɗan fim ɗin daga tagar Barikisu, wani sanyayyen kiɗa mai jan rai wanda bai taɓa ji ba, tunda bai taɓa kaiwa wurin ba. Ya tsaya. In ya shiga ya zare filash ɗin, sai ya yi bayani, shi kuma ba shi da bayani. Idonsa ya sauka kan mitar gidan da ke jikin bangon zauren, da babban makunnin da ke gefenta. A nan dai ilimin nasa na gaske ne. Ya waiga hagu da dama, ya ja makunnin ƙasa.

Gidan ya yi tsit. Akos, 'yar hayar da ke gyaran gashi a ɗakin farko, ta leƙo da mataji a hannu, ta bar wata mata da rabin kai a jiƙe.

"Dumso kuma? Yau ma?"

"Wallahi kuwa," in ji Issahaku, yana kaɗa kai cikin jimami. "Mutanen nan ba sa tsoron Allah."

Akos ta kasa kunne. Injin niƙan maƙwabta na ta ruri abinsa, rediyon mai shagon gaba na ta zuba. Ta dubi Issahaku, ta dubi mitar, ta sake dubansa. Kafin ta buɗe baki murya ta fito daga ɗakin ƙurya, ba da ƙarfi ba.

"Issahaku, je ka mayar."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Tun kana wajen masallaci na ji ƙarar wannan gwangwanin da kake kira babur. Mayar da wutar mutane ka shigo."

Ya mayar. Ya wuce ta gaban Akos yana kallon ƙasa, ya cire takalmi ya shiga. Barikisu na zaune inda ya bar ta da safe, sai dai ta matso kusa da talabijin, idanunta sun yi ja amma a bushe suke. Fim ɗin ya koma farko saboda ɗaukewar wutar, ga ƙaton direba can yana cika baki a tasha.

"Yaya, filash ɗin nan ba nawa ba ne, ashe mai shi na nema. Kuma ina jin ya lalace, gara in..."

"Zauna. Nemo min inda nake."

Ta miƙa masa rimot. Ya zauna a bakin tabarma ya shiga tura fim ɗin gaba. Aka wuce faɗan kifi, aka wuce taga, aka wuce tumatir, mutane na gudu-gudu a allon ba sauti. Daga nan ya shiga ƙasar da bai sani ba. Ga direba a gado, ga ledar ruwa a rataye, ga kumatu sun faɗa.

"Nan," ta ce.

Matar mai kifi na zaune a gefen gadon tana goge wa mijin baki, tana yi masa faɗa a kan ya ƙi shanye kokon, shi kuma yana murmushi da ƙyar. Issahaku ya ji ɗakin ya yi masa zafi. Ya dubi fankar sama ya ce tana ƙara, bari ya ɗauko sukundireba a babur.

"Ba inda za ka. Fankar lafiyarta lau." Ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Ka ce min ka gani har ƙarshe."

"Ban ce ba, Yaya. Cewa na yi ni za ki tambaya."

"Sakarai," ta ce. "Sakaran banza mai kunnen faranti. Ka girma ka tsufa, hankali bai zo ba. Mace na takaba ka kawo mata wannan, ka ce dariya ce."

Abin da ya yi wata da watanni yana nema ke nan, ga shi ya samu cikakke har da ƙari. Ya ji daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, ya kuma ji kunya ta rufe shi, ya rasa wanne zai fara ji. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Ban ce bai yi kyau ba. Matar nan ta iya. Ka ga yadda take riƙe cokalin ta gefe don kada ya ƙware? Haka ake yi. Wanda ya shirya wannan ya yi jinya." Ta ja numfashi. "Tun da aka yi rasuwar nan, duk wanda ya shigo sai ya ce min in yi haƙuri in manta. Ba wanda ya yarda a yi maganar ɗakin nan da ni. Sai yau na ga wadda ta san shi."

A allon, likita ya ja matar gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Issahaku ba ya bukatar a fassara masa. Ƙafafunsa suka fara neman takalmi da kansu.

"Ranar ma haka ka yi," in ji Barikisu. "Da likita ya ce a kira 'yan'uwa, ka ce min bari ka sayo ruwa. Ruwa na nan cike da leda a ƙarƙashin gado, kai ka kawo shi da safe. Ba ka dawo ba sai da aka rufe shi da zane."

Ya tuna inda ya tsaya ranar, a wajen ajiye babura, yana goge madubin da ba shi da datti.

"Ya tambaye ka."

"Ni?"

"Ya buɗe ido ya duba ɗakin, ya ce, ina alƙalin? A kira shi ya zo ya faɗa min yadda za ta ƙare." Muryarta ta karye a tsakiya, wani abu ya fito mai kama da dariya. "Yana numfashi da ƙyar, amma sai da ya tsokane ka. Na yi dariya, Issahaku. Mijina na mutuwa ina dariya, kai kuma kana can kana sayen ruwa."

Daga nan kukan ya zo mata, irin wanda ba a yi a gaban masu ta'aziyya, da majina da shessheka da jijjigar kafaɗa. Issahaku ya so ya rarrashe ta, sai ya tarar shi ma gemunsa ya jiƙe. Ya yi kewar Abdul-Ganiyu ƙwarai, kewar da ya yi ta rufewa da zirga-zirga da surutu. Akos ta ɗaga labule ta leƙo, ta ga ƙato da yayarsa suna kuka a gaban talabijin, ta saki labulen a hankali ta koma.

Direban ya cika a hannun matarsa. Ta rufe masa ido, sannan ta shiga tattara kwanuka da cokali tana zubawa a kwando ɗaya bayan ɗaya. Issahaku ya share fuska da hannun riga. Ya ga an kai inda za a kai, hannunsa ya tafi wajen rimot ba tare da ya aike shi ba.

Barikisu ta kama wuyan hannun ta riƙe.

"Bari," ta ce. "Ba a gama ba. Yanzu za ta koma gida ita kaɗai, ina so ka gani."

Ba ta sake shi ba har sunaye suka gama hawa.